Yadda Ake Tafiyar da Dukiyar Mamaci, Daga Ranar Rasuwa Zuwa Ranar Rabon Gado

Tambayoyin da ake yawan yi a kan gado kusan iri ɗaya ne. Mahaifinmu ya rasu, banki ya ƙi sakin kuɗinsa, ina za mu nufa? Wa ake fara sallama, mai bin bashi ko wanda aka yi wa wasiyya? Dole ne sai mata sun fita takaba kafin a raba? Wannan jagora ta bi aikin daki-daki bisa mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na arewacin Najeriya ke hukunci da ita, tare da takardun da banki, kamfanin fansho da ofishin filaye ke nema. Lissafin kason kowa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, malamin da ya san fara'ili, wato ilimin rabon gado, zai gama shi a zama guda. Abin da ke raba 'yan'uwa shi ne tsallake mataki da rashin rubutu.

1. Kwanakin farko: a tsare, kada a taɓa

Tun ranar rasuwa dukiya ta tashi daga hannun mamaci, amma ba ta zama ta wani magaji shi kaɗai ba. Don haka a tattara makullan ɗaki da na shago da na mota, wayoyinsa, katunan banki, littafin cek, takardun gidaje da filaye da littafin bashin kasuwa, a damƙa wa mutum guda amintacce a gaban shaidu biyu, a rubuta abin da aka ba shi. Idan akwai shago, ko dai a rufe shi, ko a ƙirga kayan ciki ranar nan kafin yaran shago su ci gaba da ciniki.

Kuɗin jana'iza daga dukiyar ake fitar da su, kuma su ne kan gaba da bashi: likkafani, haƙa kabari, itace ko tukwanen rufi, motar ɗaukar gawa idan an yi haya. Gwargwadon buƙata, ba almubazzaranci.

Hattara: abincin zaman makoki da sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in ba sa cikin kuɗin jana'iza. Wanda ya so yi ya yi daga aljihunsa. Idan akwai ƙananan yara cikin magada, ko yardar manya ba ta halatta a taɓa kasonsu don wannan ba.

Hattara: kada wani ya zari kuɗi da katin ATM ko manhajar wayar mamaci don ya san lambar sirri. Takardar bayanin asusu za ta nuna rana da lokacin da kuɗin suka fita, kuma cirewa bayan rasuwa na iya kai mutum gaban 'yan sanda, ko da niyyarsa biyan asibiti ce. A riƙa sa wa layin wayarsa kati ana ɗan kira da shi, domin kamfani kan ba wani layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, alhali a nan saƙonnin banki da lambobin abokan hulɗarsa suke.

A maƙabarta ko wurin zaman makoki, idan an yi shelar cewa mai bin mamaci bashi ya zo, a faɗi sunan mutum ɗaya da za a samu, a ba shi littafi na musamman.

2. Takardar shaidar rasuwa

Idan a asibiti aka rasu, a karɓi takardar likita kafin a bar wurin, sannan a kai ta ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukuma a yi rajistar rasuwar. Idan a gida ne, akan nemi wasiƙar mai unguwa ko dagaci da takardar rantsuwa daga kotu. Idan hatsari ne, a haɗa da rahoton 'yan sanda. A duba cewa sunan da aka rubuta ya yi daidai da na NIN da BVN harafi da harafi. Bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa a dawo da ku daga banki. A yi kwafi kamar goma, a adana ta asali.

3. A zauna a zaɓi wakilai

Bayan an share makoki, a kira duk magada, har da matan da ke gidan aure da waɗanda ke nesa ta waya. Idan mamaci ya naɗa wasiyyi, wato wanda ya ɗora wa kula da dukiyarsa bayan rasuwarsa, shi ke jagoranci. Idan bai naɗa ba, a zaɓi mutum biyu zuwa huɗu. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowane ɗaki ya samu wakili, ko da babban wa mutumin kirki ne. Wannan kariya ce gare shi daga zargi. A rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

A nan ne kuma za a yanke shawarar inda za a yi rabon: a gida da malami, ko a kotu. Idan akwai marayu ƙanana, ko kuɗi a banki, ko gidaje da yawa, ko an fara jin ƙishin-ƙishin ɗin saɓani, kotu ta fi. Babbar kotun Shari'a ce ke sauraron irin wannan, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan gado, wasiyya, kyauta da waƙafi na Musulmi. Zuwa kotu don rabon gado ba kai ƙarar ɗan'uwa ba ne, kuma ya kamata dattawan gida su faɗi haka a fili.

4. Ƙididdige dukiya, a ware abin da ba nasa ba

Wannan mataki shi ya fi cin lokaci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A buɗe shafi biyu.

Shafi na farko, abin da mamaci ya mallaka: gidaje, filaye, gonaki da amfanin da ke cikinsu ko a rumbu, motoci da babura, kayan shago, kuɗin hannu, asusun banki har da na waya irin su OPay, Moniepoint da PalmPay, hannun jari, zubin adashi, kuɗin kujerar Hajji da ya ajiye a hukumar alhazai, dabbobin da ya ba da kiwo a ruga, kuɗin haya da 'yan haya ba su biya ba, bashin da yake bin mutane, albashi da haƙƙoƙin wurin aiki. Sutura, agogo da littattafansa ma gado ne. Al'adar raba rigunan mamaci ga dangi tun kafin rabo sai da yardar magada baligai, kuma a cikin kasonsu.

Shafi na biyu, abin da ke hannunsa amma ba nasa ba: ajiyar mutane, kuɗin masallaci ko ƙungiya da yake riƙe da su, jarin abokin kasuwanci, gonar da aka jinginar masa, gadon 'yan'uwansa da bai raba ba tun rasuwar mahaifinsu. Kayan ɗakin mace, gwala-gwalanta da dabbobinta nata ne, ba sa shiga rabo. Idan ta sa kuɗinta a ginin gida ko jarin shago, ta kawo shaida a fitar mata kafin komai.

Hattara da maganar kyauta. "Baba ya ba ni wannan fili tun yana raye" ita ce jimlar da ta fi cika kotuna. A Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, abin da malamai ke kira hauzi, tun mai kyautar yana da rai da lafiya. Idan ya rasu filin na hannunsa, yana noma shi ko yana karɓar hayarsa, kyautar ta faɗi, filin ya koma gado. Ƙaramin yaro ne uba ke iya riƙe masa, shi ma da shaidu. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

5. Fito da kuɗin banki, fansho da hannun jari

A rubuta wa kowane banki wasiƙar sanar da rasuwa tare da kwafin takardar shaida. Za su dakatar da asusun, kuma haka ake so. A tambayi reshen a rubuce wace takarda suke karɓa. Wasu na aiki da umarnin kotun Shari'a mai hatimi, inda alƙali zai nemi a sanar da shi abin da ke asusun sannan a tura kuɗin. Wasu kuma sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ofishin rajistar gado na babbar kotun jiha ke bayarwa. Don samun wannan ana cike fom, a kai wa bankuna su rubuta abin da ke asusu, a gabatar da masu tsaya wa wakilai, a buga sanarwa a jarida, a jira ko wani zai ƙalubalanta, sannan a biya wani kaso na darajar dukiyar. Aikin kan ɗauki watanni, shi ya sa ake fara shi da wuri, ba sai an zo rabo ba.

Hattara: duk asusun da ba a sa shi a cikin takardar izinin ba, ba za a sake shi da ita ba, sai an koma an nemi ƙari an sake biya. A bincika asusun duka kafin a cike fom.

Hattara: makusancin da mamaci ya rubuta a fom ɗin banki ko na ofis ba shi ne mai kuɗin ba. Mutum ne da za a tuntuɓa kawai. Idan kuɗi suka faɗo ta hannunsa, amana ce ta dukan magada.

Idan ma'aikaci ne a tsarin fansho na zubi, dokar fansho ta 2014 ta tanadi abu biyu: kuɗin da ke asusun ritayarsa a kamfanin fansho, da inshorar rai da ta wajabta wa wurin aikinsa ya yi masa, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa suna karɓar na farko su manta da na biyu. Na farko ana nemansa a kamfanin fansho, na biyu ta ofishin da yake aiki. Idan aka yi ta jan ƙafa, a kai koke hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom. Inshorar akan biya ta ga wanda mamaci ya ambata, don haka a kai maganarta gaban alƙali ya faɗi yadda za a yi da ita. Hannun jari kuma sai an bi ta dillalin hannun jari da magatakardan kowane kamfani, a tambayi har da ribar shekarun baya da ba a karɓa ba.

6. Biyan bashi

Ba wasiyya, ba gado, sai an gama da bashi, ko da zai cinye dukiyar kaf. Hadisi ya zo cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Abin da aka jinginar, wanda aka jinginar wa ya fi kowa haƙƙi a kansa. Sadakin da bai cika ba bashi ne, matar za ta karɓe shi daban da kasonta. Haka kuɗin mata ko 'ya'ya da ya ranta, albashin yaran shago, kuɗin asibiti da haya. Bashin da lokacin biyansa bai yi ba, rasuwa ta sa ya zama na yanzu. Wanda shi mamacin ke bin wasu kuwa yana nan a kan wa'adinsa.

Duk mai da'awar bashi ya kawo takarda ko shaidu, kuma alƙali kan ƙara da rantsar da shi, tunda wanda ake tuhuma ba ya nan balle ya kare kansa. Idan bashi ya fi dukiya, a raba wa masu bashi gwargwadon abin da kowa ke bi. Wanda ke bin miliyan 2 ya samu ninki biyu na mai bin miliyan 1. Ba a tilasta wa magada cikawa daga aljihunsu, sai dai wanda ya yi don jinƙan mahaifinsa. Kowane biya a karɓi takardar shaida.

7. Zartar da wasiyya

Daga abin da ya rage bayan bashi ake auna wasiyya, kuma ƙa'idojinta biyu ne: ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji. Abin da ya haura sulusi, ko aka yi wa magaji, ba ya wucewa sai sauran magada baligai sun amince bayan rasuwar, kuma amincewar kowa a kasonsa kaɗai take aiki. Takardar da ta ce "gidan Sabon Gari na wance ne, 'ya'yan wance ba su da komai" ba ta soke rabon da Allah ya yi.

8. Tantance su wane ne magada

A rubuta duk wanda ke raye a daidai lokacin rasuwar: mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, kakanni, jikoki, 'yan'uwa shaƙiƙai, 'yan uba da 'yan uwa ɗaya. A ba malami jerin duka, shi zai faɗi wanda aka katange. Ɗa namiji na katange 'yan'uwan mamaci da jikoki, uba ma na katange 'yan'uwa. Abubuwan da ake yawan kuskurewa:

Matar da aka saka saki ɗaya ko biyu, mijin ya rasu tana cikin idda, tana gado. Wadda aka saka a ciwon ajali ma tana gado a Malikiyya ko da iddarta ta ƙare. Wadda aka ɗaura aure ba ta tare ba tana gado. Agola da ɗan riƙo ba sa gado, haka wanda addininsa ya bambanta da na mamaci, da wanda ya kashe shi da gangan. Waɗanda suka rasu tare a hatsari ba a san wanda ya riga ba, ba sa gadon juna. Magajin da ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba, maganarsa ta alƙali ce.

Hattara: idan ɗaya daga cikin matan na da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu, domin namiji ko mace na iya sauya lissafin duka. Idan babu ciki, takabar wata huɗu da kwana goma ba ta hana rabo, amma ba a fitar da mai takaba daga gidan mijinta kafin ta gama.

9. Yi wa kadara kuɗi da lissafin kaso

A samu masana biyu ko uku da ba su da alaƙa da kowane ɗaki su yi wa gidaje, gonaki da motoci kuɗi a farashin yau. Ga manyan kadarori gara ƙwararren mai ƙiyasi mai lasisi da zai ba da rahoto a rubuce. A yi cinikin ladansa da la'adar dillali tun kafin su fara. Idan an yi wata shida ko fiye ba a raba ba, a sake ƙiyasin, farashi ba ya tsayawa.

Kason magada yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11, 12 da 176. Miji na da rabi idan matar ba ta bar ɗa ko jika ta wajen ɗa ba, rubu'i, wato ɗaya cikin huɗu, idan ta bari. Bisa wannan ƙa'idar mata na da rubu'i ko tumuni, wato ɗaya cikin takwas, kuma shi za su raba komai yawansu. Uwa na da sudusi, wato ɗaya cikin shida, idan akwai 'ya'ya ko 'yan'uwa biyu zuwa sama. Uba na da sudusi idan akwai ɗa namiji. 'Ya ɗaya tilo na da rabi, biyu zuwa sama kashi biyu cikin uku, idan kuma akwai namiji a cikinsu sai ya ɗauki ninki biyu na mace.

Misali: mutum ya bar dukiyar naira miliyan 28, da mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza uku da mata biyu. Jana'iza ta ci 100,000, bashi 2,900,000, saura miliyan 25. Ya yi wasiyyar miliyan 1 ga masallaci, ba ta kai sulusi ba, an fitar. Saura miliyan 24. Tumunin mata miliyan 3, kowacce 1,500,000. Sudusin mahaifiya miliyan 4. Ragowar miliyan 17 a kasa ta takwas, tunda maza uku kaso shida ne, mata biyu kaso biyu. Kowace 'ya 2,125,000, kowane ɗa 4,250,000.

Wani lokaci kason kan fi dukiyar yawa, sai a rage wa kowa daidai gwargwado, shi ne auli. Wanda ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba, lissafinsa daga 24 yake tashi zuwa 27: mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Irin wannan kada a dogara da manhajar waya kaɗai, domin ba kowacce ke bin Malikiyya ba.

10. Ranar rabo

Kuɗi ba su da wahala. Gida ne matsala. Hanyoyi uku ne: a yanka shi idan zai yanku kowa ya amfana, ko wani magaji ya saye kason sauran a farashin da aka ƙiyasta, ko a sayar a raba kuɗin. Idan an daidaita kasonni an rasa wanda zai ɗauki wanne, a yi ƙuri'a a gaban kowa. Magajin da zai sayar da kasonsa na gida ko gonar da ba a raba ba ya fara tallata wa abokan gadonsa, domin suna da haƙƙin shufu'a, wato fifikon saye, a kan bare.

Hattara: "a bar gidan kowa ya zauna" jinkirta rigima ne kawai. Da zarar wani magaji ya rasu kafin rabo, kasonsa ya koma ga nasa magadan, gida ɗaya ya zama na mutum arba'in. Idan ana son barin uwa a gidan, a raba a takarda kowa ya san kasonsa, sannan su ba ta aron zama.

Hattara: kada a ce wa mata su yafe kason gona don suna gidan miji. Yafiyar da aka samu da kunya ko matsin lamba ba ta halatta dukiya. A miƙa mata kasonta tukuna, in ta so ta yi kyauta da shi daga baya.

Duk kuɗin da aka biya a kotu, wanda wasu ke kira ushira, ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A biya a asusun gwamnati, a karɓi rasit. Daga ƙarshe a karɓi takardar rabo mai hatimi, kowane magaji da kwafinsa.

11. Kason marayu

Riƙon yaro daban, riƙon dukiyarsa daban. Dukiyar na hannun wasiyyin da uba ya naɗa, in babu sai wanda alƙali ya naɗa, wanda zai iya zama uwar ko baffa ko kawu. A buɗe wa kowane yaro asusu, ko a saya masa fili da sunansa, kada a cuɗa da jarin mai riƙo. A rubuta duk abin da aka kashe na makaranta da magani, a fitar da zakka idan ta kai nisabi. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce a miƙa musu idan sun balaga kuma an ga hankalin riƙon dukiya, a kafa shaidu. Aya ta 10 ta siffanta cin dukiyarsu da cin wuta.

12. Sauya suna a takardu

Rabo bai kammala ba muddin takarda na ɗauke da sunan mamaci. Fili mai takardar shaidar mallaka ta gwamna a kai takardar rabo ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a biya bashin harajin ƙasa, a sauya suna. Gonar ƙauye a zaga iyakokinta da dagaci da maƙwabta, a kafa alama, a rubuta. Mota a sauya takardunta a ofishin lasisi, 'yan haya kuma a sanar da su a rubuce wanda za su riƙa biya.

13. Ga wanda ke raye

Rabin wahalar da ke sama takarda ɗaya ce ke kawar da ita. Ka rubuta kadarorinka da inda takardunsu suke, asusunka, wanda kake bi da wanda ke bin ka, da ajiyar mutane da ke hannunka, ka riƙa sabuntawa duk shekara. Kyautar da ka yi niyya ka miƙa ta yanzu, ka sauya suna, ka yi adalci tsakanin 'ya'ya. Ka naɗa wasiyyi ga ƙananan yaranka a gaban shaidu biyu adilai. Idan kana da jikokin da mahaifinsu ya riga ka rasuwa, ko ɗan riƙo, ko agolan da ya yi maka hidima, ka sani ba za su gaje ka ba muddin akwai mai katange su ko babu nasaba, don haka ka rubuta musu wani abu a cikin sulusi. Kwafi ɗaya na takardar ya zauna a gida, ɗaya a hannun wasiyyi, kuma matanka su san da ita.